Jan Ɗigon da Ya Ɓace

Bikin 'yar'uwata Hadiza ne. Mai bidiyo ya ce sai dubu 150, ni kuma bakina ya ja mini, na ce a ƙara kuɗin a shinkafa, ni zan ɗauka. Ai mu 'yan Jos ne, hukumar fina-finai ta ƙasa tana garinmu, kwalejin talabijin ta NTA ga ta nan Rayfield. Ko ƙofar ɗaya ban taɓa shiga ba, amma haka na cika baki a gaban Mama. Na aro kyamara a Farin Gada, na kwana biyu a YouTube, na rubuta tsari a takarda: shigowar amarya, yanka kek, nasihar Kawu. Har falmaran mai aljihu takwas na saya a gwanjon Katako.

Amarya na shigowa na danna, kuma ban sake taɓa maɓallin ba don kada wani abu ya wuce ni.

Sai Kawu ya karɓi makirufo. Kawu dai, wanda tun ina yaro ban taɓa ganin ko idonsa ya yi ja ba. Yana ambaton marigayi Baba muryarsa ta karye, ya cire tabarau, ya share hawaye da hannun babbar riga. Hadiza na kuka, Mama na kuka. Ni kuwa na durƙusa gwiwa ɗaya a ƙasa, na miƙe, na zagaya, na kwanta kusan rub da ciki. Uwar ango da kanta na ce wa, "Hajiya, a ɗan matsa, ana ɗauka." Baiwar Allah ta ja kujerarta.

Sai wani yaro ya ja mini falmaran. "Yaya, ina jan abin?" Na ce ya tafi wurin uwarsa. Ya ce, "Ɗazu akwai jan ɗigo yana ƙyaftawa, yanzu babu."

Na duba. Babu.

Ashe irin waɗannan kyamarorin na masu hoto da kansu suke tsayawa a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda a da Turai na ɗora haraji a kan duk wadda ta kai minti 30, a matsayin kyamarar bidiyo. Harajin Turawa, ni ya kama a Jos. Duk rawar da na yi a ƙasa, da matacciyar kyamara na yi ta.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma sai na lallaɓa na je kunnen Kawu: "Kawu, ko za a ɗan maimaita daga inda aka ambaci marigayi?" Makirufo na hannunsa, a kunne. Lasifika huɗu suka kai maganata har wurin masu raba abinci. Kawu ya mai da tabaransa, ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan aljihunan nan, ya ce, "Har da kukan?"

Uwar ango ta mayar da kujerarta inda take.

Ɗan abin da na ɗauka ma bai tsira ba, baƙaƙen layuka ne ke ta bin fuskar amarya. An saita kyamarar a kan hoto 30 a daƙiƙa irin na Amurka, inda wutarsu ke bugawa sau 60. Tamu 50 ce, 25 ya kamata in sa.

Abin da ya fi ci mini rai Sabi'u ne. Yana zaune, cinyar kaza a hannun hagu, waya a tsaye a hannun dama, babban yatsansa ya rufe kusurwa, ana jin taunarsa yana "Allah sarki". Wannan bidiyon ne ya zagaye WhatsApp na dangi, har 'yan Kaduna suna sa masa albarka. Mutumin da nake bi dubu 3 tun ƙaramar Sallah, yanzu ko daga tsallaken titi ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Darakta!"

Cajar kyamarar ma har yau ban san inda na ajiye ta ba. Falmaran ɗin dai tana maganin sanyi.