Har Kwan Fitila Ma Sai An Ci Mutuncin Mutum?

Jiya wani yaro da bai kai ɗana na biyu ba ya kalli tsabar idona ya ce idanuna ne ke da matsala. A kan me? A kan kwan fitila. Kwan fitila fa, jama'a, abin da a da ake aiken yaro ya sayo ba tare da an yi masa wani dogon bayani ba.

Kwan ɗakin kwanana ne ya mutu, na falo kuma ya fara wannan ƙyaf-ƙyaf ɗin da kowa ya sani. Na ce wannan karon ba zan sake sayen gaibu ba. Na zauna na yi bincike kamar mai shirin jarabawa. Na gane cewa da kelbin ake auna launin haske, shi ne lambar nan mai harafin K a gefen kwali. 2700K shi ne mai ruwan ɗorawa, irin hasken tsohon kwan nan mai zare a ciki, shi ake ce wa mai ɗumi. 4000K tsaka-tsaki. 6500K kuwa fari fat mai sirkin shuɗi, shi ake ce wa mai sanyi. Lamba ta hau a ce sanyi, ta sauka a ce ɗumi, wanda ya raɗa sunan shi ya san dalilinsa. Ɗakin kwana da falo mai ɗumi suke so, domin haske mai shuɗi da dare yana danne melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci. Fari kuma a kai shi kicin ko teburin karatu, inda ake son ido ya buɗe.

Na sayi huɗu, kowane kwali an rubuta 2700K ɓaro-ɓaro. Da magariba na ɗaura na danna makunni. Ɗakina ya koma ɗakin tiyata. Maiɗakina ta shigo ta tsaya tana kallona, ta ce, "Lafiyarka kuwa? Na ga ka yi wani fari-fari." Na ce lafiyata ƙalau, kwan ne. Uku daga ciki fari mai shuɗi, na huɗun kuma wani kore-kore yake yi, kamar hasken da ya kwana bai ji daɗi ba. Kwali iri ɗaya, lamba iri ɗaya.

Da safe na mayar da su kwalayensu, na ɗauki rasit, na koma wurin wanda ya sayar mini. Na yi sallama. Kansa na kan waya, babban yatsa na ta aiki. Na sake sallama. Ya amsa da hanci, bai ɗago ba. Na ajiye ledar a gabansa na ce, "Samari, kwan da na saya jiya ne, ba abin da aka rubuta a jiki ba ne a ciki."

Ya miƙo yatsa ɗaya, ɗaya tak, ya ɗaga bakin ledar ya leƙa. "An buɗe kwalin, Baba."

Na ce, "To da yaya zan san launin hasken ban buɗe ba? Ta jikin kwali ake hangowa?"

"Ba ya kamawa ne?"

"Yana kamawa."

"To ai shi ke nan. Haske ai haske ne."

Na haɗiye abin da ya taso mini. Na juya kwalin na nuna masa lambar, na fara bayanin kelbin a hankali, yadda malami ke yi wa ɗalibin da yake tausayi. Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya yi wani ɗan murmushi na gefen baki, ya ce, "Baba, ka san idan shekaru suka ja, ido yana canza launi. Wataƙila asibiti ya kamata ka je." Abokinsa da ke can ciki ya ƙyalƙyale da dariya.

Ashe ban sani ba, gaban likitan ido na zo. Ga shi kyauta ya duba ni, ko kati ban yanka ba. Na ce, "Madalla, likita. Matata fa? Ita ma idon nata ya tsufa a dare ɗaya?" Ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya juya ya ciro wani kwali mai ƙyalli ya tura mini. "In launi ne damuwarka, ka sayi mai wayo. Da waya ake juya shi, ka mai da shi duk kalar da ranka ke so." Ya saci kallon wayar da ke hannuna. "Amma sai dai ka ba wani yaro a gida ya saita maka."

Wato ya sayar mini da ƙarya a cikin kwali, maganin kuma shi ne in ƙaro kuɗi in sayi wanda ya fi tsada, in kuma nemo wanda zai koya mini kunna fitilar ɗakina. Na tsaya ina kallonsa. Shi kuwa tuni ya koma kan wayarsa, an gama da ni.

Abin da bai sani ba, na taɓa sayen mai wayon nan, kuma ni na saita shi da hannuna. Sai da na sauke manhaja, na buɗe asusu, na ƙirƙiri kalmar sirri, na amince kwan fitila ya san inda nake zaune a duniya. Ya ƙi haɗuwa da intanet ɗin gida sai da na gano cewa Wi-Fi zango biyu gare shi, 2.4 da 5, akasarinsu kuma zangon 2.4 kawai suke ji, ba ruwansu da na 5. Bayan duk wannan, yaro ya zo wucewa ya kashe makunnin bango yadda ɗan Adam ya saba, wayo ya ƙare nan take, domin sai da wuta a jikinsa dare da rana yake jin umarni. Ranar da wuta ta ɗauke ta dawo ƙarfe uku na dare kuwa, sai ya kunna kansa da dukkan ƙarfinsa a kan fuskarmu. Na yarda yana da amfani ga wanda tashi ke yi wa wuya, ko mai son haske ya riƙa sauya launi daga safe zuwa dare. Amma a 2022 wani kamfanin irin waɗannan kaya a Amurka, Insteon, ya kashe na'urorinsa na intanet ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajar ba ta aiki. Fitilar ɗakinka, amma ranta na hannun wani kamfani.

Da a ce jiya ce farau, da na shanye. Ina da leda guda a bayan ƙofa cike da gawarwakin kwan LED, wato irin na zamanin nan mai tsimin wuta. Kowanne kwalinsa ya yi rantsuwa zai yi awa 25,000. Na yi lissafi: in kana kunnawa awa 5 kullum, shekara 13 ke nan da ɗoriya. Nawa wanda ya fi daɗewa bai ga watansa na takwas ba. Wata rana haushi ya sa na fasa ɗaya. Ƙwayoyin hasken lafiyarsu lau. Ɗan allon da ke daidaita wuta ne ya ƙone, ga wata 'yar kafasita ta kumbura kamar ƙurji, kuma babu ko ɓarɓashin alminiyon da zai janye zafi, roba ce zalla. Zafi ke kashe LED, masu ƙerawa sun fi kowa sani. Sun cire abin da zai raya shi, sun bar alƙawarin a kan kwali.

Haka batun wat. Wat wutar da kwan ke sha ce, haske kuwa da lumen ake auna shi. Tsohon kwan mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED na kirki kuma da wat 8 zuwa 10 yake ba da wannan. Amma sai a dangwara maka wata ƙatuwar lambar wat a gaban kwali, lumen ɗin a ɓoye shi ko a ƙi rubutawa sam. Akwai kuma ma'aunin da ke nuna yadda haske ke fito da launin abubuwa na gaskiya, wanda ƙarshensa 100 ne: 80 ya wadatar, 90 ya yi kyau. Rashinsa ne ke sa ka zaɓi riga shuɗiya a ɗaki ka fito waje ka tarar da wata kala a jikinka. Wannan lambar kam sai ka yi sa'a za ka gan ta. In kana son ganin wani abin takaicin, ɗora kyamarar waya a kan kwan mai araha, ka ga layuka na gudu a fuskar wayar. Kaɗawa yake yi sau 100 ko 120 a daƙiƙa, ido bai cika kamawa ba, amma akwai masu kwana da ciwon kai saboda shi.

Za a ce araha ba ta ado, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ji. To ni ba rariya aka ce mini ba, kwano aka rubuta a jiki.

Kuma in na tsaya kan yaron nan, an bar jaki ana dukan taiki. Shi abin da aka sauke masa yake sayarwa, rashin kunyar ce kawai tasa. Ina hukumomin da aka kafa domin duba ingancin kaya? Suna da ofis, suna da motoci, suna da tambarin da ake bugawa a kan kwali. Na'urar auna launin haske da lumen ba wani abin al'ajabi ba ce, cikin mintuna take tona asiri. Wa ya taɓa jin an ɗebi kwan goma daga kasuwa an auna, an hukunta wanda ya yi ƙarya? Gwamnatoci sun iya wa'azin a bar tsohon kwan a koma LED domin tsimin wuta. Tarayyar Turai ta fara janye tsohon tun 2009, amma ta haɗa da dokar abin da dole a rubuta a kwali, har ta sake tsarin lakabin a 2021. Amurka ma tun 2012 ta tilasta a rubuta lumen da kelbin. Sauran hukumomi sun kwafi wa'azin, sun bar wahalar sa ido. Mai saye shi ne ɗakin gwaji, da kuɗinsa, da idonsa.

Halin ma ba sabo ba ne. A 1924 manyan kamfanonin kwan fitila suka haɗu a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan suka ƙulla cewa kada kwan ya wuce awa 1,000, har tara suke cin wanda nasa ya daɗe. Shekara 90 bayan haka, a 2014, aka ba masana kimiyya uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel saboda LED mai shuɗi, wanda shi ake lulluɓewa da hoda mai rawaya ya ba da farin hasken nan. Masana sun yi nasu. 'Yan kasuwa suka karɓa suka mayar da shi abin da ke mutuwa kafin kwalinsa ya yi ƙura.

Mu ma da namu. Lokacin da yaron ke aika ni asibiti akwai mutum uku a bayana, kowa na jiran sayen kwan da zai maye wanda ya mutu masa. Babu wanda ya ce uffan. Ɗaya ma cewa ya yi, "Malam, ka yi haƙuri mana, kwan fitila ne fa." Haƙurin nan shi ake sayar mana a kwali, mu biya, mu dawo bayan wata biyar mu sake biya.

Na kwaso kayana na dawo. Ukun na kai su kicin da banɗaki, mai koren na jefa shi cikin ledar bayan ƙofa da ransa. Kwalin ya ce akwai garantin shekara biyu in an zo da rasit. Na ciro rasit ɗin waɗanda na saya bara in gani, takardar ta koma fara fat, ko harafi ɗaya bai rage ba.