Waƙar maƙogwaro: ba aljanu ba ne, kuma a daina sayar da ita kamar magani

Duk lokacin da bidiyon mawaƙan maƙogwaro na Tuva (wani yanki na Rasha) ko na Mongoliya ya zagayo Facebook, mutanenmu kan rabu gida biyu. Wasu su yi ta'awizi, su ce ɗan Adam ba zai fitar da murya biyu a lokaci ɗaya ba sai da hannun mutanen ɓoye. Wasu kuma, musamman masu bin shafukan Turawa na neman natsuwa, su ce ai wannan sauti ne mai wanke ruhi da warkar da ciwo. Ni dai duka biyun ban yarda da su ba, amma na biyun sun fi ba ni haushi, domin su kuɗi ake karɓa a kan maganarsu.

Batun aljanu ba ya buƙatar dogon zance. Kowace murya, har taka, tana ɗauke da wasu siraran sautuka a samanta waɗanda kunne ke haɗewa ya ji su wuri ɗaya. Mawaƙin yakan matse maƙogwaronsa, ya riƙe sauti ɗaya ba motsi, sannan ya kai harshe kusa da ganɗa yana sauya faɗin bakinsa, har ɗaya daga cikin siraran sautukan nan ya fito fili kamar sarewa. Wannan salon shi mutanen Tuva ke kira sygyt. Mai kaurin nan da ke girgiza ƙirji kuwa, kargyraa, wasu naɗe-naɗen nama ne guda biyu a saman igiyoyin murya suke shiga aiki, su kaɗa sau ɗaya duk lokacin da igiyoyin suka kaɗa sau biyu, sai muryar ta zurma ƙasa. Aikin tsoka ne da horo. Paul Pena, wani makaho mawaƙi ɗan Amurka, a rediyon Mosko ya fara jin sa a 1984, ya koya da kansa, kuma a 1995 ya je har Kyzyl, babban birnin Tuva, ya shiga gasa.

To, ina ruhaniyar take? Tana nan, sai dai kowace al'umma da tata, kuma nan ne masu tallar natsuwa ke cuɗa komai wuri ɗaya.

Mutanen Tuva makiyaya ne a kudancin Saberiya, ƙarƙashin Rasha, a kan iyaka da Mongoliya. A tsohuwar aƙidarsu kowane dutse, kowane rafi, kowace maɓuɓɓuga tana da mai ita, wani ruhi da ake girmamawa. Makiyayi zai zauna a bakin ruwa, ya daɗe yana saurare, sannan ya mayar wa ruwan da irin sautinsa, a matsayin gaisuwa. Akwai salon da ke kwaikwayon gangarowar ruwa a kan tsakuwa, akwai wanda ke bin amon likkafa idan doki yana sukuwa. Ka ga ke nan hankalinsa yana kan ruwan da dutsen da dabbar da ke gabansa. Wanda ya rufe ido a ɗakin taro a Landan yana lalubo wani abu a cikin cibiyarsa, wani aikin dabam yake yi, ko da sautin ya yi kama. Kuma kada a ɗauka kullum abin na ibada ne: sau da yawa kashe lokaci ne kawai a bayan tumaki, ko gwada gwaninta a wurin biki.

Inda abin ya zama ibada zalla shi ne wurin malaman addinin Buddha na Tibet, musamman gidajen ibada na Gyuto da Gyume, waɗanda aka kafa tun ƙarni na 15. Bayan sojojin Sin sun murƙushe boren Tibet na 1959, da yawa daga cikin malaman sun tsallaka Indiya, kuma a can ne Ba'amurke masanin addinai Huston Smith ya naɗi muryarsu a shekarun 1960, masana sauti suka yi ta nazari. Amma abin da suke rerawa da wannan murya mai zurfi nassi ne da suka haddace, na tsawon sa'o'i, bayan shekaru ana karatu a gaban malami. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da halƙar zikirin anfasu ta 'yan Ƙadiriyya a Kano ya san yadda numfashin jama'a ke haɗuwa ya cika wuri, ya kuma san cewa idan aka cire sunan da ake ambata, abin da ya rage haki ne. Ba ina daidaita addinan ba ne, kada wani ya zo min da wannan. Ina cewa ne sauti ba ya rabuwa da abin da ake faɗa da shi.

Sai kuma na Inuit, 'yan asalin arewacin Kanada, da ake cusawa cikin faya-fayen natsuwa. Wasa ne fa! Mata biyu su tsaya fuska da fuska, su riƙe hannun juna, ɗaya ta jefa sauti ɗayar ta cafe, har wata ta ƙare numfashi ko ta fashe da dariya, ita ce ta faɗi. 'Yan mishan sun taɓa hana shi da sunan aikin shaiɗan ne, wato dai maganar da wasunmu ke maimaitawa yau.

Ban musa cewa ana samun natsuwa ba. Ka ja numfashi ka sake shi a hankali na tsawon lokaci, kunnenka na bin siririn sauti ɗaya, dole zuciya ta lafa. Wannan gaskiya ne, kuma kyauta ne. Abin da na ƙi shi ne a ɗora masa maganin hawan jini ko ciwon daji, a sa hoton dattijon Mongoliya a jikin talla, a karɓi dala. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa. Mai son koyo kuma ya bi a sannu, domin kargyraa na sa tari da ƙaiƙayin wuya a farko, kuma da zarar ya ji zafi ya dakata.