Kun tsaya a kan ado, kun bar halinsa

Sannu da ƙoƙari, Malam. Na karanta labarinku kan ɗan tsuntsun nan mai jan kafaɗa na kurmin kudu maso yammacin Ostireliya, wanda masana ke kira Malurus elegans. Sai dai kun tsaya yabon shuɗin kan namijin kawai, alhali ma adon na lokacin hayayyafa ne. Da lokacin ya wuce, yawancin mazan sai su zubar da gashin su koma kalar ƙasa-ƙasa kamar matan.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman gidansu. 'Ya'yan bara ba sa saurin watsewa, suna zama su taya iyaye ciyar da ƙannensu da ƙwari, kamar dai gandu. Macen ce ke saƙa sheƙa a cikin duhuwar ciyayi kusa da ƙasa, ƙarƙashin dogayen itatuwan karri. Shi kuwa gogan, sai ya tsinko ɗan fure rawaya a baki ya tafi zance, wani lokaci har wajen matar maƙwabci! Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 11 ba fa. Don Allah ku ƙara mana da wannan a rubutu na gaba.