Ga Masu Ciki da Mazajensu a Ingila: A Buɗe Baki

Assalamu alaikum ƙannena, mata da maza, waɗanda karatu ko aiki ya kawo Ingila a 'yan shekarun nan, kuma yanzu Allah Ya kawo rabo. Barkanku, Allah Ya raba lafiya. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai a kanku, gara in faɗe ta ko da za ta yi ɗaci.

A gida an tarbiyyantar da mu a kan kunya da dauriya. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗa, sai dai a gani. Uwa ta dubi wuyanta, ta ga yadda take tsartar da yawu, ta gane ba tare da an ce uffan ba. In ciki ya tsufa a zo a tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta. Ranar naƙuda ta cije leɓe don kada a ce ta yi raki. Amma shirun nan yana tafiya ne tare da idanu masu yawa: uwa, kaka, goggo, matar wa, maƙwabciyar da take leƙowa ta katanga. In ke ba ki faɗa ba, wata za ta gani ta faɗa. Ko a hakan ma, Allah kaɗai Ya san yawan matan da shirun ya kai kabari. To ina ga nan, inda kike zaune a ɗaki ɗaya a Bradford ko Coventry ko Luton, maigida ya fita aikin kula da tsofaffi tun kafin asuba, maƙwabcinki bai san ko sunanki ba? Idan ƙafarki ta kumbura ba mai gani. Idan kin yini kina kuka ba mai ji. A ƙasar nan wanda bai buɗe baki ba ana ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka, ƙanwata, da zarar kin tabbatar da ciki, ki nemi ungozoma ta hannun likitan unguwarku ko ta asibitin da ya fi kusa. Suna son a yi zaman farko kafin ciki ya kai mako 10. Na san ana tsoron baki da ido, ana cewa a bari sai ya yi ƙwari. Ki ɓoye wa duniya in kina so, ki yi ta azkar ɗinki, amma ungozoma ba ta cikin waɗanda ake ɓoye wa. A makonnin farkon nan ne ake gwajin sikila, kuma idan kina ɗauke da ita za a nemi maigida ya zo a gwada shi. Malam, ka je. Mun fito daga Najeriya, ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar yara masu sikila, ba abin wasa ba ne. A lokacin ne kuma ake shan ƙwayar folik asid, har zuwa mako 12, da bitamin D da ake so mai ciki ta sha kullum, musamman mu masu baƙar fata da muke rufe jiki a ƙasar da rana take yin rowa daga Oktoba zuwa Maris. Hoton ciki kuma ana yin sa wajen mako 12 da mako 20. Ki ce wa ungozoma ta cika miki takardar da ke sa a ba ki magani da duba haƙori kyauta har shekara ɗaya bayan haihuwa.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa tunda Turai ce ba a mutuwa wajen haihuwa. An fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani bincike mai suna MBRRACE da ake gudanarwa daga jami'ar Oxford, wanda yake bin diddigin mutuwar kowace mai ciki da maijego a Birtaniya, kuma shekara da shekaru yana nuna abu ɗaya: baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa, a wasu rahotannin ninki kusan huɗu. Dalilan suna da yawa. Daga cikinsu akwai rashin sauraron mace idan ta yi ƙorafi, akwai matsalar harshe, akwai zuwa asibiti a makare. Na farkon laifinsu ne, kuma su ma sun san da shi. Amma tunda mun san ana iya yin biris da mu ko da mun yi magana, yaya ke nan idan muka ƙara da namu shirun?

Ki riƙe waɗannan. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin walƙiya ko dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari: alamun hawan jinin masu ciki ne da ke kaiwa ga jijjiga. Zubar jini ko fashewar ruwa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya riƙa yankewa, domin daskarewar jini a jijiya tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu jego a ƙasar nan. Sai kuma motsin ɗa. Idan ya ragu ko ya canza daga yadda kika saba, kada ki ce barci yake yi, kada ki jira maigida ya dawo daga aiki, kada ki jira gari ya waye. Lambar ɗakin haihuwa tana jikin takardunki na awo, dare da rana ana ɗauka. In abu ya yi tsanani lambar gaggawa 999 ce. In an ce ki koma gida alhali jikinki yana gaya miki akwai matsala, ki sake faɗa, ki nemi ganin babba. In Turancin bai zauna ba ki ce a kawo tafinta, haƙƙinki ne, ba a biyan ko kwabo. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunyar da ba ta hana tambayar hukuncin jini ba, ba za ta hana gaya wa ungozoma cewa jinin ya yi yawa ba.

Wadda takardunta suka samu matsala ma ta je. Dokarsu ta ce ba a hana mai ciki kulawa don rashin kuɗi. Za a iya aiko mata da takardar bashi daga baya, kuma bashin yana iya shafar biza, amma bashi ana biyan sa a hankali, rai kuwa ba a aro shi.

Yanzu gare ku maza, kuma a nan zan daɗe.

Malam, a gida aikinka a haihuwa sananne ne: ka kawo itace ko gawayi, ka sayi rago da goro, ka yi kayan barka, ka zauna a ƙofar gida ana maka murna. Sauran duk mata ne suke yi, har ba ka san yawansa ba. A nan matan nan babu su. Kai ne uwarta, kai ne goggonta, kai ne yarinyar da ake aike. Ka ɗauko 'yar mutane daga cikin dangi ka kawo ta inda ba ta da kowa sai kai, to amanar ta ninku. Ina ganin samarin da suke dawowa daga aiki su tarar da mace ta kwana uku da tiyata, ɗinki bai kame ba, su tambaye ta ina abinci. Wallahi wannan ba mazantaka ba ce. An tambayi Nana A'isha me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Wanda ya fi shi daraja sai ya zauna a kawo masa.

Tun ciki yana wata shida ka koyi dama kunu da yin miya mai sauƙi. Ka kira mahaifiyarka ko tata ta bidiyo ta nuna maka. Ka sanar da wurin aikinka da wuri, domin doka ta ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa hutun mako biyu, ka haɗa da hutunka na shekara in da hali. Na san kuɗin haya da na makaranta suna shaƙe wuya, na san yawancinku bizarku ba ta ba ku damar karɓar tallafin gwamnati ba, don haka kowane awa na aiki yana da muhimmanci. Shi ya sa tanadi yake farawa tun ranar da aka ga ciki. Kuɗin da za ka tura gida a yi gagarumin taron suna da anko da masu hoto, alhali maijego da jaririn suna nan cikin sanyi ba ku iya kunna na'urar ɗumama ɗaki, ka rage shi. Ragon suna a yanka a gida a raba wa mabuƙata, sunna ta cika. Sauran ka riƙe wa masu abin.

Ka shiga ɗakin haihuwa. Na san al'ada ba ta saba ba, kuma za ka ji nauyi. Amma mace cikin naƙuda ba ta iya jayayya da kowa, tana buƙatar wanda zai ce a sake duba ta. Ku nemi mace ta duba ta, suna ƙoƙarin yin hakan in akwai. In babu kuma lamari ya ɓaci, malamai ba su hana namiji likita ya ceci rai ba. Idan aka ce sai an yi aiki, kada ka tsaya buga waya gida ana shawara da wanda bai ga halin da ake ciki ba, ana cewa a ƙara haƙuri, danginmu ba a yi musu tiyata. A dokar ƙasar nan ma ita ce mai sa hannu, ba kai ba. Naka shi ne ka ƙarfafa mata zuciya. Wadda aka yi wa aiki ta haihu, cikakkiyar haihuwa, kuma duk wanda ya ce mata raguwa ce ka tare shi ko da daga gidanku yake.

Sai batun abubuwan da za a aiko da su ko a umarta ta waya. Iyayenmu ƙauna ce take sa su, a amsa musu da ladabi, amma a tace. Wankan jego da tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa mai yawa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki sha kunun gyaɗa da farfesu, kanwar a bar ta, musamman in an ce kina da hawan jini. Kada a ba jariri zuma kafin ya shekara. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, nono ya ishe shi har wata shida. Kwalli na gargajiya sau da yawa akwai dalma a ciki, guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Cire beli a manta da shi. Kaciyar namiji a kai wa likita mai rajista, kada a kira wani ya yi a falo. 'Ya mace kuwa kada ƙarfe ya taɓa ta da kowane suna, ko a nan ko in an je hutu gida, dokar 2003 ta sa hakan laifi ne mai ɗauri har shekara 14, kuma tun kafin doka cutarwa ce. Jariri a kwantar da shi rigingine a gadonsa cikin ɗakinku, kada a lulluɓe shi da barguna don tsoron sanyi, kada a yi barci da shi a kan kujera. Shawara kuma ba ta saurin nunawa a fatarmu, ku duba farin idonsa da dasashinsa, in kun ga rawaya ku kira ungozoma a ranar.

Akwai ciwon da muka fi ɓoyewa fiye da kowanne. Mace ta haihu lafiya, kowa yana barka, ita kuma ƙirjinta kamar an ɗora dutse. Ba barci ko da yaron ya yi barci, ba ta jin daɗin komai, tana ganin ta kasa, wani lokaci har mugun tunani yana zuwa mata. Kukan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma hukumar lafiya ta NHS ta ce yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma. Ba raunin imani ba ne, ba butulci ba ne, kuma kada a yi saurin cewa aljanu. A yi addu'a, a kuma gaya wa likita ko ma'aikaciyar lafiyar da take zuwa gida duba jariri. Na san abin da ke rufe bakin mata: tsoron kada a ƙwace yaro. Ana yaɗa wannan a tsakaninmu har mace ta gwammace ta mutu a tsaye. Uwar da ta ce ina buƙatar taimako, taimakon ake ba ta, da magana ko da magani, har akwai wuraren da ake kwantar da uwa tare da jaririnta. Abin da ke jawo hukuma shi ne duka, ko barin yaro shi kaɗai a gida, ko ɓoye ciwo har ya yi muni. Maigida, in ka ga ta daina magana, ko ta fara faɗin abin da ba ya kan hanya, ko ta ambaci cutar da kanta, wannan na gaggawa ne, a ranar za ka kai ta.

Takardu kuma kada a yi sakaci. A Ingila ana yi wa jariri rajista cikin kwana 42. Haihuwa a nan ba ta mai da yaro ɗan ƙasa tun 1983, sai in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Ku nema masa fasfo da biza da wuri, kafin ya cika wata uku, don kada a fara cajin ku kuɗin asibiti, kuma kada ku fita da shi ƙasar ba tare da kun san yadda zai dawo ba. In kuna son Hajiya ta zo taya jego, bizar ziyara ba ta wuce wata shida, kuma ana iya hanawa, don haka kada duk shirinku ya rataya a kanta.

Mu kuma da muka riga ku zuwa, muka san gari, ba mu fita ba. Barka ta WhatsApp da zuwa suna a ci shinkafa a ɗauki hoto ba su sauke mana haƙƙi ba. Taron suna yini ɗaya ne, wahalar tana farawa ne a mako na uku, lokacin da miji ya koma aiki, baƙi suka ɗauke ƙafa. A kowane gari da muke da ƙungiya ko masallaci, a rubuta sunayen masu jego, a raba kwanakin arba'in ɗin nan a tsakaninmu. Wadda ranar ta faɗo kanta ta dafa ta kai, ta karɓi jaririn awa biyu uwar ta runtsa, kuma kafin ta tafi ta zauna kusa da ita ta tambaye ta jikinta sau biyu, domin amsar farko kullum "lafiya lau" ce.