Hannun da ke haɗa magani da mudun da ake auna shi da shi

Idan sabon magani ya fito, sunan kamfani ake gani a jikin kwali, wani lokaci kuma a ji na farfesan da ya jagoranci binciken. Wanda ba a cika jin ɗuriyarsa ba shi ne matashin da bai daɗe da kammala digirin digirgir ba, wanda aka ɗauka kwantiragin shekara biyu ko uku a ɗakin gwaje-gwajen wani babba, alhali galibi a hannunsa sinadarin ya fara samuwa. A ganina, mudun da jami'o'i ke auna irin wannan matashi da shi, wato yawan maƙalolin da ya buga, bai dace da aikin da ake fatan ya yi ba.

A Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, wajen 1990, wani matashin masanin haɗa sinadarai mai suna Woo-Baeg Choi yana aiki ƙarƙashin Farfesa Dennis Liotta. Su biyun tare da Raymond Schinazi, masanin ƙwayoyin cuta, suka samar da emtricitabine, ɗaya daga cikin magungunan da ake danne ƙanjamau da su a yau. Sai a 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, a 2005 kuma jami'ar ta sayar da haƙƙinta na riba a kan dala miliyan 525. Haka labarin pregabalin, maganin farfaɗiya da ciwon jijiya, yake. Ryszard Andruszkiewicz, baƙon mai bincike daga Poland, shi ya haɗa shi a ɗakin gwajin Richard Silverman a Jami'ar Northwestern a 1989, amma bai samu izinin shiga kasuwa ba sai 2004. Abin ban sha'awa ma, daga baya an gano cewa maganin ba ta hanyar da suka yi zato yake aiki a jiki ba.

Tsakanin kwalba da kantin magani ke nan akwai shekara goma sha uku zuwa sha biyar, alhali kwantiragin matashin bai kai rubu'in wannan lokaci ba.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba zai ɗauka aikin na zuba wannan a kan wancan ne kawai. Mai bincike kan kwana yana jiran haɗi ya nuna, washegari ya cika dogon bututun gilashi da farin garin silika, ya zuba haɗin daga sama, ya zauna yana tarar ɗigo a ƙananan kwalabe ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga kowanne a kan ɗan faranti yana haska shi da fitila ta musamman don ya ga inda abin da yake nema ya faɗa. Bayan mako guda, abin da zai samu bai fi ɗan garin da zai zauna a bakin farce ba. Sannan ya kai shi na'urar NMR, wadda ke bayyana yadda sinadarin ya ginu, kuma ba abin mamaki ba ne ta shaida masa cewa ba abin da ya nufa ya haɗa ba. Idan hanyar mai matakai goma ce kuma ya tuntsure a na takwas, sai ya koma farko, domin kayan sun ƙare. Babu mujallar da ke marmarin buga wannan wahala, ga shi kuwa ita ce mafi yawan aikin.

To, matashin da ya san cewa da adadin maƙala za a ba shi aiki na dindindin ko ƙarin girma, me zai zaɓa? Zai kama abin da ke ƙarewa cikin wata uku. A jami'o'in Najeriya sakamakon a bayyane yake: a tsinko ganye ko a sassaƙo ɓawon itace, a jiƙa, a gwada ruwan a kan ƙwayoyin cuta, a rubuta cewa yana da tasiri, shi ke nan an samu maƙala. Ba na raina wannan mataki, domin Tu Youyou ta ƙasar Sin daga tsiro ta fara kafin ta kai ga artemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau. Sai dai ita ba ta tsaya a jiƙo ba. Ware sinadarin, gano gininsa, da sauya shi har ya zauna da kyau a jikin mutum, su ne aikin da ke cin shekaru, kuma su ne ke bukatar na'urori da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa.

Masu kare ƙidayar maƙala suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa lamba ba ta san ɗan wane ba, kuma idan aka bar wa shugabannin sashe su yi hukunci da ganin dama, son kai zai shigo. Gaskiya ne. Amma ana iya rage wannan haɗari ta hanyar sa masana daga wata jami'a su karanta ayyuka biyu ko uku mafi nauyi na matashin, su duba littafin gwajinsa, su kuma lissafa masa sinadaran da ya haɗa ya tantance ko da ba su warkar da komai ba. Hukumomin da ke ba da tallafin bincike, irin su TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, su ma za su iya ware wa sababbin masu bincike kuɗin shekara biyar a jere, tare da damar amfani da na'urorin da aka tara a cibiya guda.

Kelly Chibale, ɗan Zambiya da ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya kama aiki a Jami'ar Cape Town a 1996, kuma sai a 2010 ya kafa cibiyar binciken sababbin magunguna mai suna H3D. Daga nan ne MMV390048 ya fito, sinadarin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga gwaji a jikin mutane. Daga baya an dakatar da shi saboda matsalar da ta bayyana a gwajin dabbobi, amma cibiyar na nan tana aiki, da ma'aikatan da suka koyi sana'ar tun daga kwalba har zuwa asibiti.