Oklahoma ta 1956 da darajar 'yan benci

A nan Amurka, musamman a jihar Oklahoma, ba a gama hirar ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ba tare da an ambaci 1956 ba. A shekarar ce ƙungiyar Jami'ar Oklahoma, wadda ake wa laƙabi da Sooners, ta buga wasa 10 ta cinye su duka. Ta tara maki 466, aka ci ta 51 kacal, kuma a wasanni shida abokan karawarta ba su samu ko maki ɗaya ba. Texas ta sha 45 da nema, Notre Dame ta sha 40 da nema a gidanta. Duk wannan yana cikin jerin nasara 47 ba tare da faɗuwa ko canjaras ba, daga 1953 zuwa Nuwambar 1957.

Da a gida Najeriya aka yi wannan, da an ce ko dai akwai wani yaro mai ƙafar zinari, ko kuma an shiga an fita. Ni a ganina abu biyu ne suka kawo nasarar, kuma duk biyun ba mu cika ɗaukarsu da daraja ba: maimaita 'yan dabaru kaɗan har su zama jiki, da kuma gina 'yan benci.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum 11 ne kowane ɓangare, minti 60 aka raba zango huɗu, kuma ana ba ka dama huɗu ka ci gaba da yadi 10, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kocinsu, Bud Wilkinson, ya yi aiki da tsarin da ake kira Split-T, wanda Don Faurot na Jami'ar Missouri ya ƙirƙiro a 1941. A tsohon tsari, ƙarti bakwai na layin gaba kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. A Split-T sai a buɗa tsakaninsu, daga ƙafa ɗaya har zuwa uku ko huɗu. Masu tsaro dole su ma su buɗe, don haka ƙofa ta samu tun kafin a taɓa ƙwallo.

Daga nan aiki ya koma kan kwatabak, wato mai rarraba ƙwallo. Ba ya ja da baya. Yana karɓar ƙwallo sai ya bi gefen layi a guje, da zaɓi uku a hannunsa. Ko ya danƙa wa mai gudun farko ya kutsa ta ƙofar nan, ko ya riƙe ya karya kwana da kansa, ko ya wurga wa mai gudu na biyu da ke biye da shi ta waje. Idonsa na kan mai tsaron da ke ƙarshen layi, wanda da gangan ake barinsa ba a tare shi ba. In ya taso wa kwatabak, a wurga. In ya bi na waje, a riƙe. Duk inda ya nufa ya yi kuskure. Inda abin ke ɓaci shi ne wurgin: idan mai gudu ya riga kwatabak da taki ɗaya, ko kwatabak ya yi jinkirin ƙiftawar ido, ƙwallo ta faɗi ƙasa, kuma wanda ya riga faɗawa kanta shi ke da ita. Maganin wannan ba wani ba ne illa maimaitawa kullum a filin atisaye. Da wannan tsarin suka riƙa cin yadi 391 ta gudu a kowane wasa idan aka yi matsakaici, kuma kwatabak ɗinsu Jimmy Harris bai taɓa faɗuwa a wasan da aka fara da shi ba.

Maganar benci ita ce ta fi damuna. Daga 1953 dokar wasan jami'o'i ta taƙaita canji, don haka ɗan wasa ɗaya shi ne mai kai hari, shi ne mai tsaro. Yawancin kociyoyi sai su dogara da gwanayensu 11 har su galabaita. Wilkinson kuwa ya gina runduna biyu, yana fitar da 11 gaba ɗaya ya zuba wasu 11, kuma na biyun ba cikon benci ba ne, dabaru iri ɗaya suka haddace. Ga shi ba sa ɓata lokaci tsakanin dama da dama, da an tashi daga ƙasa sun koma layi a guje. Abokin hamayya bai gama haki ba an sake taso masa. A Boulder, garin da ya haura mita 1,600 a saman teku, Colorado ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 19 da 6. Da aka dawo Oklahoma ta zuba maki 21 ba a rama ko ɗaya ba, aka tashi 27 da 19.

To a dubi gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Ƙungiya 20, wasa 38, ga tafiyar mota daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal. In akwai gasar da ke buƙatar runduna biyu, wannan ce. Amma abin da aka saba gani shi ne a sayo sababbin 'yan wasa tuli a farkon kaka, koci ya faɗi wasa uku a ba shi wa'adi, wanda ya gaje shi ya zo da nasa yaran da nasa salon. Ɗan benci kuwa sai ranar da wani ya karye ake tuna sunansa. Wilkinson ya riƙe Oklahoma daga 1947 zuwa 1963. Tsarin jami'a ma ya tilasta masa tanadi, domin a wancan zamanin ɗan aji ɗaya ba ya buga wa babbar ƙungiya, shekara uku kawai kake morar yaro ya kama gabansa. Kowace shekara ka san su wane ne za su tafi, dole magajinsu ya kasance a hannu. Mu ma muna da wasannin jami'o'i na NUGA tun 1966, sai dai biki ne na 'yan kwanaki, ba gasar mako-mako da za ta reni ɗan wasa ba. Yaranmu a filin unguwa suke tashi, kuma sau da yawa sai sun zaɓa tsakanin ƙwallo da boko.

Ba na cewa a kwaso komai. Ƙungiyoyin rukunin Big Seven da Oklahoma ke ciki yawancinsu ba sa'anninta ba ne, shi ya sa ake ganin sakamako irin 66 da nema. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hukunta jami'ar a 1955 da kuma 1960 kan alfarmar da ake yi wa 'yan wasa ba bisa ƙa'ida ba. Sannan rundunar 1956 babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta. Na farko, Prentice Gautt, a shekarar yana aji ɗaya, sai 1957 ya fara buga wa manyan.

Da aka zo zaɓen gwarzon shekara, wato kyautar Heisman, ƙuri'un Oklahoma sun rabu tsakanin Tommy McDonald da ya zo na uku da Jerry Tubbs da ya zo na huɗu. Kyautar ta tafi hannun Paul Hornung na Notre Dame, ƙungiyar da ta ci wasa 2 ta faɗi 8, har da 40 da neman nan da Oklahoma ta yi mata.