Litiyam ɗin Nasarawa: a fara da awo, batir sai daga baya

Da an buɗe masana'antar litiyam a gida, irin wadda aka ƙaddamar a Jihar Nasarawa a 2024, sai ka ji ana cewa Najeriya ta kusa fara ƙera batir. Mu mazauna Yammacin Ostareliya, inda mahaƙar litiyam ta Greenbushes take, mun san da sauran rina a kaba.

Dutsen da ake haƙowa, wato sifodumin, yawanci sinadarin litiyam ɗin cikinsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100. Ana niƙa shi, a tace, har ya kai wajen kashi 6. Nan aikin yawancin masana'antun gida ya tsaya. Kafin ya shiga batir sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, a sake gasawa da asid, a wanke, a cire ƙarfe da sauran datti. Kusan tan 8 na tataccen dutsen ne ke fitar da tan 1 na sinadarin da ake sawa a batir. Ostareliya ma, da kuɗinta da wutar da ba ta ɗaukewa, ta sha wuya a nan: da farashin tataccen dutsen ya faɗi ƙasa da dala 1,000 kan tan a 2024, kamfanin Albemarle ya dakatar da wani sashe na matatarsa ta Kemerton. Har yau yawancin kayan Chaina ake kaiwa.

Abin da ya kamata mu kwaikwaya shi ne awo. A nan Ostareliya ba a cinikin dutse da ido. Sai an huda ƙasa, an ɗebo samfuri, an kai ɗakin gwaji, an fitar da rahoto bisa JORC, wato ƙa'idar da kamfanonin haƙa ke bi wajen bayyana yawan ma'adini da ingancinsa. A gida kuwa mai haƙa yana cika buhu ne, dillali ya duba ya yanka farashi, sakamakon gwaji kuma yana hannun mai saye shi kaɗai. Ƙaramar na'urar awon ma'adinai ta XRF da ake yawo da ita ba ta ganin litiyam ma, saboda rashin nauyinsa. Sai na'urar LIBS mai awo da hasken leza, ko ɗakin gwaji.

Gwamnatin Yammacin Ostareliya na karɓar kashi 5 cikin 100 na darajar tataccen dutsen. Wanda bai auna ba, kashi 5 na me zai karɓa? A ajiye ɗakin gwaji mai zaman kansa kusa da wuraren saye a Nasarawa, Kogi da Kwara, kowace mota ta fita da takardar awonta, mai haƙa ma a ba shi kwafi.